Gidan da Babu Kara

Munzali yana bisa rufin ɗakinsa, guduma a hannu, ƙusoshi uku a baki, sai ya hango Shekwolo ya ɓullo ta lungun Ƙetaren Gwari da fartanya rataye a kafaɗa. Saura ƙiris ya haɗiye ƙusa ɗaya.

Yau kwana tara ke nan yana jiran dattijon nan. Shekwolo Bagwari ne manomi, kuma a gonarsa Dabo Bafulatani, mahaifin Maijidda da Munzali ke neman aure, yake sauke shanunsa duk rani, su ci abin da ya saura, su bar masa taki. Shekara ashirin suna haka, har ta kai Dabo ba ya buɗe wa kowa cikinsa sai shi. Shi ya sa da Munzali ya je ruga gaisuwa, aka ce ya koma ya saurara, amsa za ta zo ta bakin Shekwolo.

Ya diro ƙasa ba tare da ya bi ta tsani ba.

Ɗakin da ya diro daga kansa kuwa, wata huɗu da suka wuce ko akuya ba za ta yarda ta kwana ciki ba. Mahaifinsa ya biyo aikin shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya, ya zauna Minna, ya rasu ya bar ɗaki biyu na ƙasa. Ɗaya mahaifiyarsa Kyauta ke ciki, ɗayan ruwan shekaru ya cinye masa gindi. Shi kuma Munzali kafinta ne a loko, inda ake gyaran taragu, albashinsa daga tuwo sai miya.

Ga kuma Jafaru ɗan Maiwada dillalin shanu, wanda shi ma ya ƙyalla ido a kan Maijidda. Gidansu na Barkin Sale siminti ne har ƙasa, kwanon rufinsa sabo fil, da rana sai ka kare ido.

To, mai ƙaramin ƙarfi ai sai dabara. Munzali ya shiga bin juji yana tsintar garewanin kananzir da aka yar, ya farke su, ya buge su suka miƙe, ya jera su bisa azara kamar ɓawon kifi. Ƙyauren ɗakin katakon akwatunan shayi ne. Taga kuwa ta wani tsohon tarago ce da aka kashe, shugaban aikinsu ya ce ya ɗauka. Ƙusa ko ɗaya bai saya ba, tanƙwararru yake tsinta ya miƙe su a kan guntun ƙarfen dogo. Kyauta ta tara maƙwabta suka yi daɓe da tokar kwal da fasassun tangaran, suka shafe da makuba har yana ɗaukar ido. Bango ya sha farar ƙasa, gindinsa kuma jan fentin da ya kankare daga gwangwanayen da aka gama da su.

Wallahi ɗaki ya yi kyau. Duk wanda ya ce bai yi ba, baƙin ciki ne.

Bayan sun gaisa, Shekwolo ya zauna kan turmi, ya sha ruwa, ya dubi rufin ya jinjina kai. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya jan abin da ake ja, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

Ya ce, "Dabo ya gaishe ka. Ya ce yaro mai sana'a ne, ba barawo ba, ba mashayi ba. Yarinya kuma yana sonka, kowa ya sani."

Munzali ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Tsaya tukuna. Ya ce shi ba ya ba da yarinya gidan da babu kara."

Munzali ya jira sauran maganar. Babu saura.

"Kara, Baba?"

"Kara."

"Wane karan?"

Shekwolo ya dube shi da tausayi. "Kara nawa ne a duniya, yaro? Na dawa mana. Ran Juma'a da safe Hajjo kanwar Dabo zai zo ya duba gida. Ran Asabar mutanen Maiwada za su kawo goro. Ruwa ya sauka kuma, Dabo ya tashi da shanu, sai badi. Ka ga kwana shida kake da shi."

Ya rataya fartanyarsa ya tafi, ya bar Munzali tsaye baki buɗe.

Kyauta ta ji komai daga bakin murhu. Ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Ɗan nan, zo nan. Anya karan gona Bafulatanin nan yake nufi? Ba kara ta mutunci ba, irin wadda ake yi wa surukai? Me ka yi da ka je rugar nan?"

Ran Munzali ya sosu. "Haba Iya! Ni ne zan je gaban suruki in yi rashin ta ido? Tun daga nesa na tuɓe takalmi. Na tsuguna har gwiwata ta yi ciwo. Abin da aka ba ni ban raina ba. Hira kuwa na yi masa ita har rana ta karkata, don kada ya ce ni miskili ne."

"To shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Sauraro kawai yake yi, kansa a ƙasa."

Kyauta ta girgiza kai. Ita ma ba ta taɓa zama da Fulani ba, iyakarta da su sayen man shanu.

Munzali ya ci gaba, "Ki duba fa, Iya. Su a bukka suke, kara da ciyawa. Yarinyar da ta tashi cikin sanyin bukka, a kawo ta ƙarƙashin garwa da zafin Minna? Ai gaskiyarsa ne. Kuma Baba Shekwolo da bakinsa ya ce na dawa."

Ta ce, "To, Allah Ya sa hakan ne." Amma har ta koma bakin murhu tana ta juya kalmar a bakinta, ta ja ta, ta gajarta ta, ba ta gane komai ba.

Sai dai neman kara a ƙarshen rani ba wasa ba ne. Wanda shanu ba su ci ba an hura wuta da shi, wanda ba a hura ba gara ta gama da shi. Kullum Munzali ya tashi aiki sai ya kama hanyar Bida a ƙasa, gona gona, ƙauye ƙauye, har Gidan Kwano. Can ya dace da wasu mata da suka jingine dammuna bisa itace. Ya gyara musu ƙyamare biyar da kujeru uku, su kuma suka ɗauko masa karan a kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya, suka sauke a ƙofar gida suna tambayar juna ko tsire zai buɗe.

Da farko rufin ciki kawai ya yi niyya. Ya feƙe karan, ya jera su ƙarƙashin garwa, ya ɗaure da ɓawon kalgo. Nan take ɗaki ya yi sanyi, har Kyauta ta shigo ta kwanta ta ce ba ta fita.

Amma da ya tsaya ya duba, sai wata zuciya ta ce masa, Dabo gida ya ce, bai ce ɗaki ba. Ya kewaye gidan da danga. Ya sake dubawa. In Gwaggo Hajjo ta ce ya yi kaɗan fa? Ya kafa rumfa a ƙofar ɗaki. Ya saƙa tufaniya ya rufe ƙyauren nan nasa na akwatin shayi da yake taƙama da shi. Bangon da ya sha farar ƙasa ma sai da ya lulluɓe shi da kara daga sama har ƙasa. Kyauta kuma ta jiƙa kanwa da toka ta yayyafe ko'ina, ta ce haka kakarta ke yi don gara.

Na ƙarshe shi ne gado. A nan ya zuba duk abin da hannunsa ya sani. Ya zaɓi kara masu kauri, masu launin zuma, ya goge kowanne da tsumma, ya saƙa su ƙil-ƙil ba inda yatsa zai shiga. A wajen kai ya fitar da zanen ƙwarya da jan kara. Yana yi yana murmushi shi kaɗai.

Ran Laraba Jafaru ya biyo ta lungun a kan sabon kekensa, ya taka birki, ya sauke ƙafa ɗaya.

"A'a! Kafinta, akurki ake ginawa? Kaji nawa za a zuba?"

Munzali bai ɗago ba. "Wanda ya san abin da ake nema shi ke nema."

Jafaru ya yi dariya har da buga ƙararrawa. "Allah Ya ba da sa'a. Ka dai yi nesa da mai ashana."

Ya wuce. Munzali ya bi shi da kallo yana jin tausayinsa, wai shi a dole ya riga shi sanin sirri. Allah sarki, rashin sani ya fi dare duhu.

Ran Alhamis da azahar ya wanke hannu ya nufi bakin tasha, gindin mangwaron da Maijidda ke ajiye ƙwaryar nononta. Ta hango shi ta sunkuyar da kai, tana juya ludayi cikin ƙwarya ba gaira ba dalili. Kwana goma sha huɗu ba su haɗu ba. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Ya tsuguna nesa kaɗan. "Maijidda, share hawayenki. An gama."

"Me aka gama?"

"Abin da Baffa ya ce. Gobe Gwaggo za ta gani da idonta. Danga kara, rumfa kara, rufi kara, bango kara. Har gado na yi miki. Wallahi duk Minna babu gidan da ya kai namu kara."

Ludayin ya suɓuce mata ya nutse cikin nono. Ta zuba masa ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kara... na dawa?"

"Har daga Gidan Kwano."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai ga hawaye shar.

"Wayyo Allah na! Wayyo ni Maijidda! Wa ya ce maka karan dawa?"

"Baba Shekwolo..."

"Baffa kara ya ce. Kara! Kunya, kawaici, abin da mu muke ce wa pulaku. Cewa ya yi gidanku ba a san ta ba."

Munzali ya ji kamar an ɗaga tashar an juya ta. Ya dafa ƙasa. "Ni? Me na yi? Na tuɓe takalmi fa."

"Ka tuɓe." Ta ja majina. "Sai aka kawo maka fura. Ka ɗaga ƙwarya a gaban Baffa ka shanye tas, har ka lashe ludayi."

"To ba ke kika dama ba? In rage, a ce na raina?"

"A wurinmu mai neman aure ko yunwa za ta kashe shi ba ya kai loma baki gaban suruki. Taɓawa kake yi ka ture. Ina leƙe ta jikin bukka, kowane kurɓi ka yi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Inna lillahi."

"Sannan ka ce, Baffa, hannun Maijidda akwai albarka. Ka kama sunana a gabansa. Shi kansa da ya haife ni bai taɓa kama shi ba, ni ce 'yar fari. Ka dube shi cikin ido. Kuma..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Akwai kuma?"

"Ka tambaye shi shanunsa nawa ne."

"Hira ce! Na ga ya yi shiru, na ce bari in taɓo abin da yake so."

"Ba a tambaya. Ko ni ban sani ba. Da ka tafi bai ci abinci ba ranar."

Jirgin Kaduna ya yi kuka daga nesa, masu talla suka fara gudu zuwa bakin dogo. Su biyun ba wanda ya motsa. Munzali ya dubi tafin hannunsa, duk kara ya yayyanka shi. Abin da ya ɗauka ladabi ashe shi ne laifin, abin da ya ɗauka gyara ashe shi ne abin dariyar gobe. Hawaye ya taru masa, bai ma san na kunya ne ko na takaici ba.

Ya ce, "Bari in je in same shi yanzu, in faɗa masa ban sani ba."

"Kar ka soma! Zuwa ka yi masa bayani ido da ido, wani rashin karar ne."

"To in aika Baba Shekwolo."

Ta dube shi kawai. Shi ma ya gane, ai Hausar Shekwolo ce ta jefa su cikin wannan.

"To in rushe karan kafin gobe?"

"Duk gari an gani. Jiya a wurin nan Jafaru yake ba mahauta labari suna ta ƙyaƙyatawa, ban san gidanka ake nufi ba."

"To me zan yi, Maijidda? In na yi magana laifi, in na yi shiru laifi. Faɗa mini, ko wuta kika ce in shiga zan shiga."

Ta share fuska da bakin mayafi. Muryarta ta yi ƙasa. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Baffa ba zai yi mini dole ba, ya faɗa. Amma ni ma ba zan tsallake maganarsa ba, ko zan mutu da sonka. In Gwaggo ta koma gobe ta ce a'a, ruwan farko na sauka zan bi shanu. Ka yafe mini."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige cikin fasinjoji, ba ta waiwayo ba.

Da ya koma gida ya faɗa wa Kyauta, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai zauna bakin gadon karan ta yi tagumi. Can ta ce, "Bar shi yadda yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe ka rufe bakinka, ka sa idonka a ƙasa, sauran na Allah ne."

Juma'a da hantsi hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa dangar tana ƙara. Sun fito da gadon ƙarƙashin rumfa don baƙuwa ta sami wurin zama.

Gwaggo Hajjo ta iso, doguwar tsohuwa siririya, da sanda. Ta yi sallama, ta tsaya. Ta dubi danga. Ta dubi rumfa. Ta shafa bango, ta ɗaga tufaniya ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta ga rufi. Ta fito ta dubi Kyauta.

"Maman yaro, sana'ar kara kuke yi?"

Kyauta ta juya ta dubi ɗanta. Munzali na tsugune, idonsa a ƙasa.

Sai ga ƙararrawar keke. Jafaru ne, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya jingine kekensa jikin danga, ya gaida Gwaggo da murya mai daɗi, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran kallo.

Kallon kuwa ya zo, amma ba ta inda ya zata ba. Ranar ce Dabo ke fitar da shanunsa daga gonar Shekwolo don mai gona ya yi shara, kuma burtalin ta bayan gidan su Munzali ya bi. Dabo na gaba da malfa da sanda bisa kafaɗa. Can baya, nesa, Maijidda ce da ƙwarya a ka za ta kasuwa. Da ta ga inda aka nufa sai ta laɓe bayan wata ɗorawa.

Shanun da suka yi wata biyu suna lasar ƙasa suka shaƙi ƙamshin kara da kanwa. Tabɗi! Ta gaba ta karkata, sauran suka bi. Kafin ka ce kwabo sun yi wa dangar sahu, kana jin ƙurus ƙurus kamar ana daka.

Kyauta ta yi salati. Jafaru ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Kafinta, ga baƙi sun zo cin gara! Kore su mana!"

Dariyar ba ta yi nisa ba. Dangar ta kwanta, kekensa ya bi ta, wani bijimi ya taka ƙafar baya. Jafaru ya zabura ya fizgi itace ya shiga zabga wa bijimin a fuska yana zagi. Dabo na tsaye. Ya bi hannun Jafaru da ido, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

Shi kuwa Munzali, gaskiyar magana, da farko daɗi ya ji. Su cinye, ya huta da abin kunya. Suka gama da danga, suka kama rumfa, bai motsa ba.

Sai wata jar saniya mai farin goshi ta kutsa ƙarƙashin rumfar, ta sa baki a kan gadon. Ta fizgo daidai wurin zanen ƙwaryar nan.

Nan zuciyarsa ta tsinke. Bai san lokacin da ya miƙe ba, bai san lokacin da guntun azara ya zo hannunsa ba. Ya ɗaga. Saniyar ta ɗago ta dube shi tana tauna, jan kara na lilo a bakinta. Kwana uku ya yi yana saƙa gadon nan. Duk duniya shi ne abu ɗaya da ya yi wa Maijidda da hannunsa.

Ta gefen ido ya hango ƙafafun Dabo, ba su matsa ba.

A hankali ya sauke azarar ya ajiye. Ya koma ya tsuguna, ya sa idonsa a ƙasa. Hawaye na ɗiga kan ƙafarsa, yana jin gadon na karyewa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba.

Sai da aka jima sannan Dabo ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro, sau ɗaya tak. Duk shanun suka ɗago suka juya burtali. Ashe tun farko kiran nan na bakinsa.

Jar saniyar ce kaɗai ta ƙi tafiya. Dabo ya tako, ya zaro igiya daga kafaɗa ya zarga mata a ƙaho. Bai dubi Munzali ba. Ƙanwarsa ya fuskanta, ya yi magana da Hausa, a hankali, kamar mai zancen hadari.

"Hajjo, wannan ta yarinyar nan ce, tun ranar suna na ba ta uwar saniyar. Na ga ta sami wurin da ya yi mata. Ban ga amfanin jan ta zuwa daji ba."

Ya saki bakin igiyar ta faɗi gaban Munzali.

Gwaggo Hajjo ta rufe baki da hannu. Jafaru, ɗan dillalin shanu, ya san abin da ya ji, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. A wurin su Dabo saniyar 'ya ba ta kwana gidan da 'yar ba za ta kwana ba. Dattijo ya ba da aure ke nan, ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Munzali fa? Munzali ya dubi igiya, ya dubi ɓarnar da aka yi, kansa ya ɗaure. Ya ce a ransa, wato diyyar karan ce. Dattijo ya ji kunya zai biya ni da saniya sukutum. In na karɓa ai na zama marar kara na gaske. Yau dai ba za a kama ni ba.

Ya ƙara sunkuyar da kai, ya tausasa murya iya iyawarsa.

"Haba Baffa. Kara ne fa, ba wani abu ba. Na yafe duniya da lahira. Ku tafi da abarku, don Allah. Ni ba ni da inda zan ajiye ta, kuma wallahi ba na bukatarta."

"La ilaha illallahu!" in ji Gwaggo Hajjo.

Dabo ya daɗe tsaye. Bai yi fushi ba, bai tambaya ba, irinsu ba sa tayi sau biyu. Ya sunkuya a hankali ya miƙa hannu zai ɗauki igiyarsa. Jafaru ya matso taku biyu, murmushi na dawo masa.

Munzali na tsugune yana jin daɗin kansa, wai ya yi kara.

"Munzali!"

Muryar ta fito daga bayan ɗorawa, da ƙarfi, har ta tsage. Kowa ya waiwaya. Maijidda ce tsaye a fili, ƙwaryar ta faɗi, nono na bin ƙasa. 'Yar Fulani, gaban ubanta, gaban gwaggonta, gaban baƙi, ta kama sunan namijin da take so.

"Munzali, riƙe igiyar! Riƙe ta, na ce!"

Bai gane ba. Wallahi bai gane komai ba. Amma muryarta ce, don haka ya yi tsalle ya faɗa kan igiyar da hannu biyu, daidai lokacin da yatsun Dabo suka taɓa ta.

Suka tsaya haka, tsoho na riƙe, yaro na riƙe. Maijidda ta rufe fuska da mayafi ta durƙushe tana kuka, ta san abin da ta zubar ba ya kwasuwa. Dabo bai dubi inda take ba. Ya dubi hannuwan da ke kan igiyar, duk yankan kara da kantar guduma, sun damƙe har jini ya ɗauke.

Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe, ya ja malfarsa ta rufe masa ido, ya bi bayan shanunsa.

Ɗigon farko ya faɗo kan garwa, ƙwal. Munzali na durƙushe cikin tarkacen kara, saniya na jan sa, shi yana jan ta. Ya ɗago jajayen idanu ya dubi tsohuwar.

"Gwaggo, don Allah, me na yi kuma?"

Gwaggo Hajjo ta share ido da bayan hannu, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Mata ka yi, sakarai. Kar dai ka saki."